Wace kalma za mu ba "powder charge" a Hausa?

Daga Fagge: Jama'a, ina fassara bayani kan masu haɗa harsashin gasar harbi da hannunsu a Amurka. Kalmar tana nufin adadin albarushin da ake zubawa a kwanso ɗaya. Na sa "awon albarushi", amma bai kwanta mini ba.

Daga Gwale: Malam, ai muna da ita: ɗuri. 'Yan bindigar sarki da ke tashin bindigar toka ranar Hawan Daushe, ɗuri suke yi. Ɗurin ya yi yawa, ɗurin ya yi kaɗan, kowa ya gane.

Daga Fagge: Yaya, tsorona ke nan. Ɗurin bindigar toka da marfi ko tafin hannu ake ƙiyasta shi, kamar awon gero a mudu. Albarushin zamani marar hayaƙi kuwa nauyinsa ake aunawa. Wanda ya ɗura shi a bindigar toka, bututun ne zai tarwatse masa a hannu.

Daga Dala: To a bar ɗuri, a ƙara masa sifa: aunannen ɗuri. Abin da ya fi damuna shi ne "grain". Don Allah kada a ce ƙwaya! Mai karatu zai zaci ƙwayoyin albarushi ake ƙirgawa. Ma'aunin nauyi ne, a rubuta giren. Giren 1 giram 0.0648 ne, giram ɗaya kuma ya ɗan haura giren 15. Sikelin masu wannan aiki yakan nuna har 0.1 na giren.

Ga dalilin wannan tsanani. Ɗuri ya bambanta, gudun harsashi ya bambanta. A mita 100 da wuya ka gani a jikin allo, amma a mita 800 mai sanyin gudu ya daɗe a iska, sai ya faɗa ƙasa da ɗan'uwansa, ramukan su jeru sama da ƙasa. Kuma kuskuren 0.1 a ɗurin giren 40 kashi 1 ne cikin 400, a ɗurin giren 5 kuwa kashi 1 cikin 50. Albarushi mai siffar guntun tsinke ba ya zama daidai a mazubi kamar mai siffar gero, shi ya sa suke zuba ƙasa da adadin, su cike sauran kaɗan-kaɗan a kan sikeli.

Daga Gwale: Na yarda da giren. Amma "aunannen" a ambaton farko kawai, daga nan ɗuri ya wadatar.

Daga Fagge: Na gode, haka zan sa. Saura ɗan abin da ke ɗigo albarushin kan sikeli: maɗiga ko mayayyafi?