Burodina yana tashi sai ya lotse a tsakiya, don Allah a ba ni shawara

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Masu amfani da injin gasa burodi, ku taimaka min. Saboda yara na saye shi, ina so su riƙa karyawa da burodin da na san abin da ke cikinsa. Kwaɓin yana kumbura sosai har ya kusa taɓa murfi, amma da ya fara gasuwa sai saman ya lotse. In na yanka, sama ramuka ne manya-manya, ƙasa kuma ya cushe. Fulawa kofi huɗu nake sawa, yis ƙaramin cokali biyu da rabi, gishiri kuwa ɗan kaɗan, saboda likita ya ce maigida ya rage. Abin yana damuna ƙwarai.

Amsa ta farko: Wa alaikumus salam. 'Yar'uwa, yis ɗinki ya yi yawa, ga shi kin rage gishiri. Gishiri ne ke rage wa yis gudu, kuma shi ke ƙara wa kwaɓi ƙarfin riƙe iska. In ya yi kaɗan, kwaɓin zai yi ta kumbura fiye da ƙarfinsa, zafi na taɓa shi sai ya rufta. A fulawa giram 500, yis mai saurin tashi ƙaramin cokali ɗaya zuwa ɗaya da rabi ya isa, gishiri ma kamar ɗaya da rabi.

Amsa ta biyu: Gaskiya ta faɗa, amma ni na fi zargin awon kofi. Wani lokaci ki danna fulawar, wani lokaci ki ɗebo ta sakwa-sakwa, alhali ruwan bai canza ba. Ki nemi ƙaramin sikeli ki auna: fulawa giram 500, ruwa mililita 300 zuwa 320. Sannan kar ki kunna ki tafi. In ya yi kamar minti goma yana murzawa, ɗaga murfin ki leƙa, buɗewa a wannan lokacin ba ya ɓata komai. Ya kamata ki ga curi guda mai santsi yana juyawa, in kin taɓa ya ɗan kama yatsa ya saki. In yana shafe a gindin kwanon, barbaɗa fulawa babban cokali ɗaya ki jira. In kuma ya bushe yana farfashewa, ruwa cokali ɗaya za ki ƙara. Lokacin gashi ne ba a buɗewa.

Amsa ta uku: A duba fulawar ma. Ta burodi, mai furotin kashi 12 zuwa 14 cikin ɗari, ta fi danƙo. In ɗakin da zafi, ki sa ruwa mai sanyi, don kar kwaɓin ya wuce lokacin tashinsa.

Mai tambaya: Allah ya saka da alheri. To Anti, gishirin fa? Ba zan iya mayar da shi yadda yake ba saboda maigida.

Mai amsa ta farko: Ba sai kin mayar ba. In kin rage gishiri da rabi, rage yis ma da kusan rabi. Ki fara zuba ruwa da mai, sai gishiri da sukari, sai fulawa, ki yi ɗan rami a samanta ki zuba yis, kar ya haɗu da gishirin tun kafin a fara murzawa. Abu ɗaya za ki riƙa canzawa a kowane gashi, don ki gane wanda ya gyara. Allah ya ba maigida lafiya.