Ɗalibaina sun koma ga ChatGPT, yaya zan yi da jinga?

Mai tambaya: Assalamu alaikum malamai. Ina koyar da tattalin arzikin noma a wata jami'a a Kano, 'yan aji uku. Zangon da ya wuce na ba su jinga kan abin da ke sa farashin hatsi hawa da sauka. Da na zauna dubawa, sai ka ce baki ɗaya ne ya faɗa musu: Turanci sumul, amma babu gero, babu kaka, babu kasuwar hatsi ta Dawanau. Wani har littafi ya ambata, na nema na gaji, ashe babu shi a duniya. Aikin ChatGPT ne, manhajar nan ta ƙirƙirarriyar basira mai yi wa mutum rubutu. In haramta ne, ko yaya?

Wata malamar kwamfuta: Wa alaikumus salam Malam. Ko ka haramta, da me za ka kama su? Kamfanin OpenAI, mai ChatGPT ɗin, da kansa ya fito da manhajar gane rubutun ƙirƙirarriyar basira a farkon 2023, ya janye ta a watan Yulin shekarar saboda yawan kuskure. Sai ka kayar da yaron da bai ji ba bai gani ba.

Wani tsohon malami daga Zariya: Ɗan'uwa, jingar za ka sauya. Dawanau tana bayan gidanka, ka bar yara suna tambayar waya? Raba su biyar-biyar, kowace ƙungiya ta ɗauki abu ɗaya, gero ko wake ko riɗi, ta bi shi mako huɗu. Su zauna da dillalai da masu sito da 'yan dako, su ji nawa ne kuɗin mota daga ƙauye, nawa ne la'ada, me ya sa ake ɓoye kaya da kaka a fito da su da bazara. Amma kafin su taka kasuwar, su yi wa ChatGPT tambayar, su ajiye amsarsa. In sun dawo su bi ta layi-layi: nan ya dace, nan ya yi shaci-faɗi, ga abin da dillali ya ce. A nan makin yake. Sannan kowa ya tsaya gabanka minti biyar ya yi bayani da bakinsa. Wanda bai je ba, tambaya biyu za ta tona shi.

Wata ɗaliba: Malam a yi haƙuri in sa baki. A duba mana kuɗin mota da na data, wallahi ba kowa ke da shi ba. Kuma ko a SIWES, wato zuwa koyon aiki a ma'aikatu, wasu a ɗaki suke cike littafin rahoton. In da hali ku riƙa leƙo mu a kasuwar.

Mai tambaya: Na gode ƙwarai, Allah ya saka. 'Yata, zuwa biyu ya isa, kuma zan nemi motar sashe. Malam, minti biyar ɗin ne damuwata, ajin ya haura mutum ɗari.

Tsohon malamin: To ka ɗauki mutum ɗaya a kowace ƙungiya da ƙuri'a, a ranar, kada su san wane ne.