Muhawara: wai Excel ya isa wajen haɗa tablo, ko sai an shiga R, manhajar lissafi da ake rubuta wa kod?

Ɗan Harobanda: Ni fa ina nan kan bakata, tablo na jahohi 8, maza da mata, birni da ƙauye, Excel na fidda shi cikin minti biyar, mi ya sa za mu wahalar da kanmu da kod?

'Yar Gamkalle: To yaya fiddo mini mediyan, wato adadin da ke tsakiya in an jera su daga ƙarami zuwa babba, na kowace jaha a ciki mu gani, wallahi babu shi a jerin lissafin da tablon Excel ke bayarwa, sai ka koma rubuta formil layi layi, Tawa daban Maraɗi daban Damagaram daban

Ɗan Harobanda: mwayen ta ishe ni

Malam: Ba ta ishe ka ba ɗana. Bayanan EDSN na 2012, binciken jama'a da lafiya na Nijar, akwai nauyi a kan kowace mace, a kolon da ake kira v005, a raba shi da miliyan 1, saboda jahohi masu ƙarancin jama'a irin Agadez da Diffa an ɗauki gidaje fiye da kasonsu, in ba ka sa nauyin ba layin jimilla na ƙasa duka ƙarya ne kuma tablon zai fito fes ba abin da zai nuna maka. Ƙidayar 2012 kuma mutum sun haura miliyan 17, Excel layi 1.048.576 ya tsaya, ka ga bayanan ba za su shiga ba.

Ɗan Ader: Malam ni matsalata ma a R take, na yi group_by da summarise, kod ɗin rarraba bayanai rukuni-rukuni da taƙaita su, ina son quantile uku, wato adadin da ke raba jeri kashi huɗu, ga kowace jaha, sai gargaɗi yake ta zubo min

'Yar Gamkalle: tun dplyr 1.1.0 na 2023 ke nan, kunshin R ɗin da waɗannan kod ke ciki, summarise layi ɗaya yake so ga kowane rukuni, in layi uku kake so sai reframe, kuma ka ƙara kolon da zai nuna 0.25, 0.5, 0.75 in ba haka ba ba ka gane wane layi ne wane

Malam: Manhajar lissafi ta Stata 17 ma, table da collect ɗinta na yin wannan.

Ɗan Harobanda: Allah gafarta Malam, lasisin Stata da wace burs? kuma ai ofisoshi fayil ɗin Excel suke cewa a turo

'Yar Gamkalle: sai ka lissafa a R, write_xlsx ya miƙa musu, R kuwa kyauta ne. Ranar da ankadire ya ce a cire 'yan ƙasa da shekara 20 layi ɗaya zan gyara, kai fa tablo nawa za ka sake?

Ɗan Harobanda: turo kod ɗin tukun in gani