Wai guba ta fi manomi alheri ga namun daji?

Zauren tsofaffin 'yan lakwal na Maradi, bayan sallar isha'i.

Sani: Jama'a ku ji abin mamaki. A Charnobil ta ƙasar Yukren, inda tashar nukiliya ta fashe a 1986, an kwashe mutane sama da dubu 100, an killace kilomita 30 kewaye da wurin. Yau gonakin sun koma daji, kyarkeci da aladen daji da barewa sun cika ko'ina. Ashe gubar nukiliyar da ta bazu a wurin ba ta cutar dabba!

Hajiya Rabi: Kai Sani, a ina ka tsinto wannan kuma?

Mushe Lawali: Rabin zancensa gaskiya ne, Hajiya. Binciken da aka fitar a 2015 a ɓangaren ƙasar Belarus mai maƙwabtaka da wurin ya nuna manyan dabbobi sun kai yawan na gandun da guba ba ta taɓa ba, kyarkeci ma ya ninka na waɗannan gandun har sau 7. Amma Sani, ka haɗa abu biyu. Gubar ba ta ƙara musu komai ba. Tashin mutum ne, babu garma, babu maharbi, babu mota.

Sani: To Mushe, ai duk ɗaya ne, sun yawaita.

Mushe Lawali: Wa ya yawaita? Itatuwan da ke dab da tashar sun yi ja sun mutu, har ake kiran wurin Jan Daji. Masu bincike Moller da Mousseau sun ce tsuntsaye da ƙwari sun ragu inda gubar ta fi ƙarfi, sun ga tsattsewa da farin tabo a gashinta. Wasu masana na jayayya da ƙidayarsu, har yanzu ba a sasanta ba.

Ila mai gona a Madarunfa: Ni tambayata ɗaya. Tsuntsun da ke cin abinci a gona fa? Ku dubi shamuwa, cikin gari take sheƙa, bisa iccen tsakar gida, tana bin mai noma tana tsintar fara. In gari ya watse, me za ta zauna yi?

Mushe Lawali: Ka kama bakin zaren, Malam Ila. Hakan ta faru. Da ciyawa da kurmi suka rufe filaye, tsuntsayen gona da na ƙauye sun ja baya, na daji suka gaje wurin. A Fukushima ta Japan ma bayan haɗarin tashar nukiliya na 2011, aladen daji har cikin gidajen da aka bari suke kwana.

Hajiya Rabi: Kuma naman ana ci?

Mushe Lawali: Ina! Sinadarin siziyom 137 da ke cikin gubar sai ya shekara 30 kafin rabinsa ya gushe. Har a kudancin Jamus, inda gubar Charnobil ta kai, ana auna naman aladen daji, wanda gubarsa ta wuce ƙima a zubar.

Sani: Duk da haka na riƙe maganata, mutum ya fi guba ɓarna.

Ila: Haba ƙanena. Mu nan da hannunmu muka raya gawo da kalgo a gonaki ta hanyar sassabe, ba wanda aka kora. Ka zo Madarunfa ranar kasuwa in kai ka gonata, ka ƙirga sheƙa da kanka.

Sani: In dai akwai fura zan zo, amma kyarkeci sau 7 ɗin nan ba ku ba ni amsarsa ba.