Me za mu kira "biofouling" da Hausa?

Assalamu alaikum 'yan'uwa masu fassara da malaman kimiyya. Akwai kalmomi uku da kullum ke zuwa tare a rubuce-rubucen tace ruwa, kuma kowa na fassara su yadda ya ga dama: membrane, biofouling da antibacterial coating. Ina so mu tsayar da magana ɗaya a kansu.

Ta farko ba ta da wuya. Membrane tantani ne, a wannan fanni kuma sai mu ce tantanin tacewa. Masu cewa rariya su yi haƙuri, rariya ido na ganin ƙofofinta. Tantanin da ake raba gishiri da ruwan teku da shi kuwa, fuskarsa da ke yin ainihin aikin kaurinta bai wuce nanomita 100 zuwa 200 ba (nanomita kashi ɗaya ce cikin miliyan na milimita), kuma ruwa ba ya ratsa ta sai an danna shi da matsin da ya ninka na iskar duniya sau 55 zuwa 80. Sidney Loeb da Srinivasa Sourirajan ne suka samar da irinsa na farko mai amfani a Jami'ar Kalifoniya da ke Los Anjelos wajajen 1960. Wanda aka fi amfani da shi yanzu na sinadarin foliyamid ne, wani nau'in roba, wanda John Cadotte ya samu rajistar ƙirƙirarsa a 1981.

Biofouling ce mai ja. Kalmomi uku na fi gani ana kawowa: toshewa, gansakuka da yauƙi.

Toshewa sakamako ce, ba ta faɗin musabbabi. Tantani na iya toshewa da gishirin ma'adinai da ke daskarewa a kansa, ko da laka mai laushi, ko da ragowar ruɓaɓɓun tsirrai da suka narke a ruwa. Kowanne da maganinsa daban. Idan muka ce toshewa kawai, ma'aikacin da ke karanta umarni ba zai san da wane sinadari zai yi wanki ba.

Gansakuka ta fi jan hankali, amma tana yaudara. Gansakuka koriya ce, da hasken rana take rayuwa. Shi kuwa tantanin tacewa nannaɗe shi ake yi a zura cikin bututu rufaffe, inda haske ba ya shiga ko kaɗan. Abin da ke tsiro a can ciki bakteriya ce, kuma ba ta buƙatar rana. Ɗan abincin da ke narke a ruwan ya ishe ta.

Yauƙi kuwa ta dace sosai, sai dai da wata kalma ta dace, wato biofilm. Idan bakteriya ta samu wurin kamawa, sai ta fara fitar da wani abu mai danƙo, haɗin sinadaran sukari da furotin, ta lulluɓe kanta da shi, ta ci gaba da hayayyafa a ƙarƙashinsa. Wanda ya taɓa goga harshe a kan haƙoransa da safe kafin ya wanke baki ya san shi. A tantanin da aka kwance don bincike, za ka ga fuskar ta yi ruwan ƙasa-ƙasa, ka shafa yatsa ka ji santsi, abin ya biyo hannunka. Mafi yawan wannan abu ma ba bakteriyar ba ce, danƙon ne, kuma shi ne ke hana magani kaiwa gare ta. Don haka biofilm mu ce yauƙin bakteriya, mun gama.

Biofouling ita ce ɓarnar da wannan yauƙi ke yi: ruwan da ke fita ya ragu, a ƙara matsi, wutar lantarki ta ƙaru, gishiri ya fara tsallakewa, wanki ya yawaita, tantani ya mutu tun kwanansa bai kai ba. Abin da nake ba da shawara shi ne dauɗa mai rai.

Dalilina na kan "mai rai" ɗin. Laka ko gishiri, iya abin da ya shigo shi ne zai zauna. Ka tare shi tun daga ƙofa, ka huta. Bakteriya kuwa ko ka kawar da kashi 99.9 cikin ɗari, ɗan abin da ya rage zai haihu ya cike gurbin. Kuma abin takaici, kilorin da ake kashe ta da shi yana cinye foliyamid, dole sai an cire shi daga ruwan kafin ya isa tantanin. Wato daidai inda aka fi buƙatar kariya, nan ne babu ita. Duk kalmar da ba ta nuna cewa abin yana girma da kansa ba ta bar zuciyar maganar a baya.

Wannan ne ya kawo batun coating. Ana iya cewa fenti ko rufi, amma fenti ado yake nunawa, rufi kuma na ɗaki ne. Shafe ya fi, domin abu ne siriri da ake bin fuskar tantani da shi, kuma dole ya zama siriri, in ba haka ba shi da kansa zai rage gudun ruwan.

A nan ina roƙon mu daina rubuta "ƙwayoyin cuta" duk inda muka ga bacteria. Da yawa daga cikin masu ɗafe wa tantani, kamar dangin Sphingomonas da ake yawan samu a kai, mazauna ruwa da ƙasa ne kawai, damuwarmu da su ba ta rashin lafiya ba ce. Bakteriya ta riga ta zauna a bakin mutane, mu bar ta haka.

Sannan shafen iri biyu ne, kuma kada mu cusa su a suna ɗaya. Akwai shafen kashe bakteriya, wanda ake yi da ƙananan ƙwayoyin azurfa ko jan ƙarfe, ko sinadarin kitosan da ake samu daga ɓawon ƙaguwa da jatan lande. Rauninsa biyu ne: azurfar na zurarewa cikin ruwa a hankali har ta ƙare, gawarwakin bakteriyar kuma na nan kwance a kan tantanin, su zama shimfiɗa ga masu zuwa daga baya. Akwai kuma shafen hana mannewa, wanda ba ya kashe komai. Sinadaransa masu son ruwa ne ƙwarai, wasunsu na ɗauke da cajin lantarki iri biyu a jiki ɗaya, sai su riƙe wani siririn ruwa a fuskar tantanin yadda bakteriya ba ta samun inda za ta kama.

Ga gwaji a jimla: "An yi wa tantanin tacewa shafen hana mannewa don rage dauɗa mai rai." Ku karanta wa wanda bai san Turanci ba ku ji abin da zai fahimta. Masu bincike na haɗa nau'ukan biyu a fuska ɗaya, mai korewa da mai kashewa, kuma shi nake ganin a kira shi shafe mai aiki biyu. Wanda ke da gajeriyar kalma da ta fi wannan, don Allah ya kawo ta tare da jimlar da ya gwada ta a ciki.