An cire wa Hajiyarmu matsarmama amma idonta ya sake yin ɗorawa: wa ya taɓa shiga wannan hali?

Autar Hajiya:
Assalamu alaikum jama'a. Wata bakwai ke nan da aka cire wa mahaifiyarmu matsarmama saboda tsakuwa, irin aikin nan da ake huda ciki ba tare da an tsaga ba. Ta warke sarai har ta koma harkokinta. To makon jiya sai idonta ya koma ruwan ɗorawa, fitsari kamar baƙin shayi, ga ƙaiƙayi da ke hana ta barci. An yi sikanin, aka ƙara da wani hoto da suke kira MRCP. Likita ya ce tsakuwa ce ta maƙale a babban bututun da ke sauke ruwan matsarmama daga hanta zuwa hanji, za a bi ta baki da na'ura a fitar da ita, wai ERCP. Yayanmu ya tubure, ya ce tunda an cire jakar, ina tsakuwa ta samu wurin zama? Gwaggo kuma ta aiko da jarkar maganin shawara daga ƙauye. Don Allah wanda ya san abin nan a jikinsa ya ba mu labari.

Maman 'Yan Biyu:
Wa'alaikumus salam. Sannu 'yar uwa, Allah ya ba Hajiya lafiya. Ni an yi mini bara, kuma tsoron da na ji ya fi aikin kansa. Tun tsakar dare aka hana ni ci da sha. Da safe suka kwantar da ni kusan rubda ciki, suka sa mini wani abu a baki don kada in ciji tiyon, suka yi allura. Iyakar abin da na sani ke nan. Na farka maƙogwaro na zafi, ciki a kumbure da iska, washegari aka sallame ni. Abin dariya, na ce a nuna mini tsakuwar in gani da idona, sai likitan ya ce ai ba ta baki suke ciro ta ba. Suna ɗan tsaga bakin bututun ne inda ya haɗu da hanji, su jawo ta da wani ɗan kwando na waya su sake ta a hanjin, ta bi bayan gida. Ƙaiƙayin ya lafa cikin kwana uku, amma ido sai da ya ɗauki makonni kafin ya washe.

Nas Mai Ritaya:
'Yata, ki faɗa wa yayanki cewa matsarmama ma'aji ce kawai, hanta ce ke yin ruwan. An cire ma'ajin, amma magudanar tana nan, kuma dole ta kasance, don ta nan ruwan ke bi. Faɗinta a lafiyayyen mutum bai cika wuce milimita 6 ba, kin ga ko tsakuwa kamar ƙwayar wake ta isa ta toshe ta. Cikin mutum 100 da ake cire wa matsarmama saboda tsakuwa, ana samun kamar 10 zuwa 15 da wata ta riga ta gangara bututun. Wani lokaci ta ɓuya ba a gan ta ba, wani lokaci sabuwa ce ta ƙullu daga baya.

Abin da nake so ki sa wa ido shi ne zazzaɓi. In shawara ta haɗu da zazzaɓi mai rawar ɗari da ciwo a ƙarƙashin haƙarƙarin dama, ruwan da ya taru ya kamu da ƙwayoyin cuta ke nan. Wani likitan Faransa, Charcot, shi ya bayyana haɗuwar alamun nan uku tun 1877, har yau da sunansa ake koyar da su. In kin ga haka, ko ƙarfe biyun dare ne a tafi asibiti. Jarkar Gwaggo kuwa a yi mata godiya a ajiye, ba ruwan saiwa da bututun da ya toshe.

Direban Tirela:
Anti Nas kamar ni kike ba labari. Wata biyu ina ɗirkar jiƙo a hanyar Kano zuwa Legas, kowace tasha da mai maganinta. Da zazzaɓi ya zo na ce maleriya ce, na shiga kemis aka yi mini allurai. A wani garejin hanya yaron motata ya tarar da ni ina surutai ban san inda nake ba. Da aka kai ni, likita ya ce jikina ba zai ɗauki dogon aiki ba, sai suka zura ɗan siririn bututun roba ta gefen tsakuwar don ruwan ya samu hanya, suka ce in dawo bayan wata uku a cire shi tare da tsakuwar.

Na ji sauƙi na kama sitiyari, wallahi na manta da wata roba. Wata na tara ta toshe, na koma gidan jiya, kuɗi ninki biyu. Don haka ƙanwata, bayan an gama ku tambaya ƙarara: an bar roba a ciki? In an bari, ku rubuta ranar komawa a bango.

Mai Sikila Daga Damagaram:
Mu masu sikila tsakuwar nan tun da ƙuruciya take kama mu, saboda jininmu yana saurin fashewa. Matsalata ita ce idona dama bai taɓa yin fari tas ba, shi ya sa ba wanda ya lura. Bayan gida ne ya tona asiri, ya koma fari-fari kamar farar ƙasa.

Inda aka yi mini babu na'urar bi ta baki, tsaga ni aka yi. Suka buɗe bututun suka kwashe tsakuwoyin, suka bar wata roba mai siffar T, ƙafarta ta fito ta gefen cikina zuwa wata leda. Ruwa kore-kore mai ɗorawa yake zuba, kullum ana aunawa ana rubutawa. Kusan mako uku na yi da ita, a zaune nake salla, riga kuma sai burmemiya. Kafin cirewa suka ɗura wani ruwa ta cikinta suka ɗauki hoto don tabbatar da ba sauran tsakuwa. Na ɗauka zarewar za ta yi zafi, ashe kafin in gama salati an gama. Da ina da zaɓin da kuke da shi, ba zan tsaya jayayya ba.

Baban Gida Uku:
Ni dai kada a ce abin ba shi da haɗari. Matata an yi mata ERCP da safe, da yamma ciwon ciki ya turnuƙe ta har gadon baya, ga amai. Fankiriyas ce, wata gaɓa da ke bayan tumbi mai taimakon narkar da abinci, ta kumbura, don ita da bututun matsarmama ƙofa ɗaya suke fitowa a hanji. Kwana shida tana kan ƙarin ruwa. An faɗa mana yana faruwa ga 'yan kaɗan, mu sai ya faɗo kanmu. Ta warke, alhamdu lillahi. Ku dai kada ku yi gaggawar tafiya gida a ranar, musamman in garinku da nisa.

Malamin Tarihi:
Namu daban ne. Wajen cire wa ƙanwata matsarmama a wani asibiti aka ji wa bututun rauni, ruwan ya riƙa tsiyaya cikin ciki. Sai da muka canza wuri, aka jawo hanji aka ɗinke shi kai tsaye da bututun da ke fitowa daga hanta. A zaman jinyar nan na ci karo da labarin Anthony Eden na Ingila. Shi ma haka aka yi masa a 1953, sai Boston ta Amurka ya je aka gyara, kuma zazzaɓin bututun bai bar shi ba har lokacin rikicin Suwez na 1956 yana firaminista. Na karanta wa ƙanwata, ta ce ita ina ruwanta da Bature, a miƙo mata kunu.

Autar Hajiya:
Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Na tura wa Yaya duka, labarin Baba Direba ne ya karya shi. An sa mana ranar Talata. Yau sun ɗebi jini, sun ce jininta ba ya daskarewa da wuri, za su fara yi mata allurar bitamin K. Anti Nas, wannan ma daga toshewar ne ko wata sabuwa ce?

Nas Mai Ritaya:
Daga toshewar ne 'yata. Sai da ruwan matsarmama hanji ke iya tsotsar bitamin K, shi kuwa da shi hanta ke haɗa abin da ke tsayar da jini. Tunda za a ɗan tsaga bakin bututun, gara a gyara tun yanzu. In tana shan asfirin ko wani maganin tsinka jini, ki kai musu kwalin gobe su gani.