Direbobin tirela a Amurka, a ina kuke wanka in kuna kan doguwar hanya?

Sabon Hannu:
Assalamu alaikum. Dan Allah manyanmu da suka daɗe suna jan tirela a Amurka ina neman shawara. Ban jima da karɓar CDL, wato lasisin tuƙin manyan motoci, ba, kamfanin da ya ɗauke ni na doguwar tafiya ne, in ka tashi daga Ohayo sai kayi makonni kana jiha jiha kafin kaga gida. Tuƙin bai dameni ba wallahi, wanka ne matsalata. Wuraren hutawa na gefen hanya da nake tsayawa banɗaki ne kawai da injin lemo, manyan tashoshin kuma sai ace in biya dala 15 ko sama da haka wanka ɗaya, in kullum ne ai kuɗin da yawa. Kuma kun san mu ba maganar zufa bace kawai, akwai wankan wajibi akwai na Juma'a. Ya kukeyi?

Baban Hanifa:
Wa alaikumus salam ƙanina, barka da shigowa, Allah ya tsare hanya. Kaga wuraren hutawan nan na gwamnatin jiha ne, kusan duk babu shawa, kar ma ka ɓata lokacinka. Wanka yana manyan tashoshin tirela, Pilot da Flying J (kamfani ɗaya ne), Love's, sai TA da Petro suma abu ɗaya ne. Kuma direban da ya san kan aiki da wuya ya ciro kuɗi daga aljihunsa ya biya wanka.

Kowanne cikinsu yana da katin kwastoma, kyauta ake bayarwa a kanta ko ka sauke manhajarsu a waya. A yawancinsu duk sanda ka sha gas galan 50 ko fiye ka saka katin, sai su rubuta maka wanka ɗaya kyauta, galan 50 kuwa ba komai bane a tankin tirela. Abinda zaka kula shine wankan baya zama har abada, in kwanaki suka wuce baka yi amfani dashi ba ya mutu, kuma na Love's baya aiki a Pilot, saboda haka ka yanki katin dukkansu tun yanzu. In ka isa zaka je wajen injin ko ka kama layi ta waya tun kana cikin mota, a baka lamba, in layi yazo kanka a kira a lasifika ko ta fito a allo, ka danna lambar sirrin a ƙofa ka shige. Ɗaki ne naka kai kaɗai da masai da shawa da tawul da sabulu, ana wankewa bayan kowane mutum, amma ni dai bana shiga ba silifas, soso ma nawa nake riƙewa.

Sannan lokaci, nan ne sababbi suke shan wuya. Doka ta baka awa 11 na tuƙi cikin awa 14, sai hutun awa 10, kuma tun 2017 na'ura ce ke ƙirgawa ba littafi ba, ba yadda zakayi da ita. Kowa kuma da yamma yake son tsayawa, daga la'asar sakaliya fakin ya fara cika, bayan magariba zaka ga motoci suna ta zagaye ba wuri, layin wanka ma sai ka zauna jira. Ni da asuba nake tashi in gama da wuri. In kuwa lodi bai bari ba to da rana nake wankan, sanda na tsaya shan mai, dama dole kayi hutun minti 30 bayan awa 8 na tuƙi, lokacin ba kowa, ka sha mai ka matsar da motar daga bakin famfo ka faka ka shiga ka fito. Ka saka manhajar Trucker Path a waya, tana nuna tashoshin dake gabanka da masu shawa da ko fakin ya cika. In Allah ya kaika babbar hanyar I-80 ta jihar Ayowa ka tsaya Iowa 80 a Walcott, ita ce ake cewa tafi kowace tashar tirela girma a duniya, har mai aski da likitan haƙori suna ciki.

Ɗan Damagaram:
Ni a Turai nake jan kamyo amma matsalar ɗaya ce. Faransa in kaga gidan abinci mai tambarin Les Routiers, ja da shuɗi, yawanci akwai wurin wanka, wasu in ka ci abinci basa karɓar komai wasu kuɗi kaɗan. Jamus kuma Autohof yafi, wato wurin tsayawar manyan motoci wanda sai ka sauka daga babbar hanya kaɗan, kuɗin fakin da ka biya sau da yawa suna baka takarda ka rage a abinci. Mu nan bayan awa 4 da rabi dole ka huta minti 45, a ciki nake wankana. Amma tawul naka zaka zo dashi, ba kamar ku ba.

Malam Na Bronx:
Ɗan uwa naji daɗi da ka kawo maganar tsarki, da yawa kunya ke hanasu tambaya. Kar ka fita ba buta da jarkar ruwa a mota, banɗakunan nan takarda ce kawai. Lokacin sanyi cikin ɗakin motar zaka ajiye jarkar, in ka barta a akwatin gefe ka shiga Wayomin ko Dakota da safe ƙanƙara zaka tarar. In wanka ya kamaka a inda ba ruwa kuma lokacin salla zai fita, addini ya bada taimama, ka ajiye ɗan dutse mai tsabta a mota, kayi sallarka, da ka samu ruwa kayi wankan. Na Juma'a kuma tun ranar Alhamis nake duba inda zan kwana, in zaɓi tasha mai shawa.

Sabon Hannu:
Allah ya saka da alheri, na gode ƙwarai. Baban Hanifa tambaya ɗaya, man ai da katin kamfani nake sha kuma su suke faɗa min inda zan tsaya, to wankan kyautan nawa ne ko nasu?

Baban Hanifa:
Naka ne. Su biyan mai sukeyi, katin kwastoman da sunanka yake, a famfo zai tambayeka shi sai ka saka, in ka manta ka shiga ciki da rasit ka roƙesu su ɗora maka kafin ka bar wurin. Ka lura da tashar da kamfanin yafi turaka, ka tsara kwananka a reshensu. In ku biyu ne a mota kace a baku na direba biyu, wanka ɗayan da aka rubuta maka zai isheku kowa da ɗakinsa. Ranar da kuma kaga baka da ko ɗaya kar kaji nauyin tambayar direban dake layin mai, da yawa nasu tarin yake har ya mutu basu taɓa ba, zasu saka maka.